Takalmin da Bai Ci Ƙasa Ba

Kafin a kira la'asar ranar Alhamis ɗin nan, mutanen lungunmu na Mahjar sun riga sun gano ɓarawo, sun yi masa shari'a, sun yanke hukunci. Abin da ya rage musu kawai shi ne su ga abin da aka sata. Keken ɗinkin Zakiya ne, matar Abdulwahid direba, keken hannu mai akwatin katako, kuma da rana tsaka ya ɓace, lokacin da zafin Jidda yake kwantar da kowa har awaki. Ita ta tafi suna unguwar Aziziyya da 'ya'yanta, mijin yana wurin aiki a Bagdadiyya. Da ta dawo sai ta tarar da tebur fayau. Ba a fasa kwaɗo ba, makulli kuma yana nan bayan randa inda aka saba ajiye shi.

Mutum ɗaya ne a gidan a lokacin, wato Usuman, Bahaushen Sudan mai ɗaukar buhuna a tashar jiragen ruwa, wanda yake haya a ɗakin ƙofar gida. Kowa ya san kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a wurin hukuma, ya rasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tare da shi. In 'yan sanda suka shigo maganar, ko ya saci keke ko bai sata ba, jirgi za a ɗora shi a mayar da shi inda ya fito, wahalar da ya sha don ya kawo iyalinsa ta tafi a banza.

Ana cikin wannan hayaniya Malam Na'ibi ya iso, ba wanda ya kira shi. Tsoho ne siriri mai sayar da goro da asuwaki a bakin shagon gahawa, amma a ƙuruciyarsa ya bi raƙuma a hanyar Makka, a can Larabawan daji suka koya masa karanta ƙasa. Shi mutum ne da yake duban ƙafarka kafin ya dubi fuskarka. Kuma ba ya iya ganin abin da bai gane ba ya wuce. Ko kaza ya ga tana ɗingishi, sai ya bi ta ya san dalili.

"Halas, magana ta ƙare, ya Ammi, ba sai ka wahala ba," in ji Abdulwahid, jijiyar wuyansa a tashe. "Markaz zan tafi, ofishin 'yan sanda, in kira shurɗa. Mutum ya ci amanar gidana!"

"Ka ba ni zuwa gobe bayan Juma'a," Na'ibi ya ce. "'Yan sanda ba za su ƙare ba kafin nan. Ku kuma jama'a, don Allah ku ɗauke mini ƙafafunku, kun tattake mini shaidu."

Ya ari kwanoni wurin Zakiya, ya bi gefen katanga inda 'yan kallo ba su taka ba, duk inda ya ga sawu mai kyau sai ya kifa masa kwano. A waje, cikin yashin lungu, sawun ƙafa ne ba takalmi, ya zo daga kudu ya tsaya daidai bakin ƙofa, sannan ya koma. A tsakar gida kuwa sawun takalmi ne, daga ƙofa zuwa randa, zuwa ɗakin Zakiya, ya dawo. A bakin ƙofar kuma ga shatin akwati a kan yashi, inda aka dire keken.

"Kun gani? Su biyu ne!" wani maƙwabci ya ce. "Na ciki ya miƙa wa na waje." Nan take kowa ya yarda, har da waɗanda ba su leƙa ba.

Na'ibi ya koma wurin kwanoninsa. Ya daɗe a tsugune yana duban sawun takalmin. Ɗinkinsa irin na da ne, wanda dukawa suka daina yi tun kafin a rushe ganuwar gari, amma dunduniyarsa shar, kamar jiya aka yanke ta. Tsohon takalmi ne wanda bai ci ƙasa ba, shi kuwa bai taɓa ganin irin haka ba. Ya bi sawun waje har babbar hanya, a nan jakunan masu ruwa da manyan motoci suka shafe komai.

*

Usuman yana zaune a ɗakinsa ya haɗa kai da gwiwa, maza biyu sun tare ƙofa kamar masu gadin banki. Ƙaton mutum ne, amma ranar ya koma kamar tsumma.

"Miƙo ƙafarka," Na'ibi ya ce.

Ya miƙo. Ƙafa ce mai faɗin faranti. Takalminsa kuma na tayar mota ne, ya sha duniya har ya gaji.

"Baba, wallahi barci nake. Tun asuba muke sauke siminti. Ban san an shigo ba."

"Ko motsi ba ka ji ba?"

Usuman ya sosa ƙeya. "In na faɗa za a ce na raina mutane. Cikin barci na ji kamar an yi sallama. A hankali, sau ɗaya. Na ɗauka mafarki ne."

Masu gadi suka fashe da dariya, wai ɓarawo da sallama. Na'ibi kuwa daɗi ne ya kama shi har cikin ransa, domin ya san mai ƙarya ba ya ƙirƙiro abin da za a yi masa dariya a kai. Yanzu yana da ɓarawo mai tsohon takalmi sabo, mai kuma ladabi.

Da zai fita wata maƙwabciya ta ja shi gefe ta raɗa masa cewa shekaranjiya ta ga Hamad dillali ya shiga gidan, ya fito yana lissafi da yatsu. Na'ibi ya gode mata, ya nufi haraj, kasuwar gwanjo, kafin a tashi.

Ya sami Hamad a kan tulin tsofaffin kujeru yana fifita da kwali. Ƙafarsa Na'ibi ya fara duba: gajeriya, mai kauri, cikin takalmin kanti mai maɗauri. Ba ita ba ce.

"Ni in saci makina?" Hamad ya ce, ya dafe ƙirji. "Ya Sheikh, abin da za a kawo mini har nan ran Asabar? Abdulwahid da kansa ya kira ni na yi mata kuɗi. Ya ce tunda an toshe mashigin Suwais jirage sun daina zuwa, sukari zai yi tsada, gara ya sayar da makina ya sayi buhuna ya ajiye, in ya tashi ya ci riba. Kowa haka yake yi dahin, a 'yan kwanakin nan. Ni ne ma aka yi wa asara."

To fa. Wannan Abdulwahid bai faɗe shi a gaban jama'a ba. Na'ibi ya koma Mahjar yana tunanin wa zai fi son keken ya ɓace kafin Asabar, kuma amsar da ta zo masa ba ta yi masa daɗi ba.

Ya yi wa Zakiya magana ta bayan labule, kamar yadda ya kamata.

"'Yata, kin san za a sayar da keken?"

Ta ce, "Na sani, Baba. Kuma na san abin da kake tunani. Da na iya ɓoye shi, wallahi da na ɓoye. Da keken nan nake ɗinka wa matan alhazai jakunkuna da huluna, da shi na yaye yara uku ban roƙi kowa sabulu ba. Na yi kuka, na yi magiya, ya ce mata ba su san kasuwa ba. Amma ni ba zan bari a kori bawan Allah a kan abin da na yi ba."

Ya roƙe ta ta taka yashi a bakin labule. Ta taka. Ƙafarta doguwa ce mai ramin ciki, ta waje kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ƙafar da ta daɗe tana ɗaukar kaya. Na'ibi ya ji sanyi a ransa, amma ya koma gida hannu wofi, kuma abincin dare bai yi masa ɗanɗano ba.

*

Da hantsi ranar Juma'a ya sake ɗaga kwanoninsa. A nan ya lura da abin da ya tsallake jiya: ƙafar hagu ta mai takalmi tana karkata waje, ta marar takalmin ma haka. Faɗin takunsu ɗaya. Ashe ba su biyu ba ne, mutum ɗaya ne. Ya zo ba takalmi, ya tsaya a ƙofa ya sa, ya shiga ya ɗauki keke, ya fito, ya dire kayan a ƙasa, ya tuɓe takalmi, sannan ya ɗauka ya tafi.

Wannan ya fi komai ɗaure masa kai. Ɓarawo yakan tuɓe takalmi ne in zai shiga, don kada a ji shi. Wannan kuwa sawa ya yi. Kuma wane irin ɓarawo ne zai sauke kayan sata a bakin ƙofar masu kaya, da rana tsaka, ya tsaya kwance maɗauri?

Ya tafi gahawa da tambayar a kansa. Abdulgani mai gahawa, tsaransa ne, ya kunna rediyo, matasa sun kewaye ta suna jin labarin yaƙin Masar da jiragen da aka nutsar a mashigi. Wani ya ce shinkafa ta ƙara kuɗi a kasuwar Bab Sharif, wani ya ce ba a taɓa ganin masifa irin wannan ba.

Abdulgani ya yi tsaki. "Ku kun ga masifa? Na'ibi, gaya musu shekarun da alhazai suka ɗauke ƙafa. Ba rediyo a lokacin. Ma'aikatan jirgi ne suka zo da labari wai can Amurka attajirai sun wayi gari fakirai. Muka yi dariya, muka ce esh ruwanmu da Amurka? Sai ga lokacin Hajji ya zo, alhazan ƙasar Jawa ba su zo ba sai ɗaiɗai, mutanen Hindu haka. Gidajen haya fanko, raƙuma a durƙushe, masu kwale-kwale suna kallon teku."

"Kaya suka yi tsada kenan?" wani saurayi ya tambaya.

"Tsada? Arha suka yi, ya waladi, kuɗin saye ne babu! Ka je haraj ka ga darduma ta Ajam, 'yar ƙasar Farisa, ana neman mai ba da abin cefane. Ruwan kindasa kuwa, wanda injin yake tacewa daga teku, shi ne bai san arha ba. Ka yi wanka da kofi, ruwan wankan ka ba akuya. Ganyen shayi a shanya shi a sake dafawa, a sha da dabino don ba sukari. Aka yi ta ɗaura aure ba kiɗa ba yanka. Takalmi ma a hamata muke riƙe shi. Ka tako yashi mai zafi da ƙafarka, sai ka iso ƙofar mutane ka kakkaɓe ka sa, don kada a ce ba ka da shi. Fatar ƙafa tana tsirowa, ta takalmi kuwa sai ka saya."

Na'ibi ya ajiye finjalinsa a hankali. Shi da kansa ya yi haka, shekara da shekaru, amma ya manta kamar yadda ake manta ciwon da ya warke. Ashe akwai wanda bai manta ba.

Ya koma bakin labulen Zakiya. "'Yata, tambaya ɗaya. Da kika yi kukan nan, wa kika kai wa?"

"Ba kowa. Sai Hajja, mahaifiyarsa. Ita ma dai dubana kawai ta yi."

Hajja A'i tana zaune can ƙarshen unguwa ta kudu, a ɗakin da mijinta ya gina da fasassun gwangwanayen kananzir. Abdulwahid ya yi ya yi ta dawo gidansa, ta ƙi.

*

Bayan an sauko daga Juma'a Na'ibi ya ce a taru a tsakar gidan Abdulwahid. Ya ce kuma a aika a kira Hajja, domin bai kamata a miƙa mutum ga hukuma daga gida ba tare da babbar gidan ta sani ba. Ya ɗauki tsintsiya ya share bakin ƙofa fes, ya koma gefe ya zauna.

Hamad ya zo yana gunaguni. Aka fito da Usuman, idanunsa jawur. Zakiya tana bayan labule, maƙwabta sun cika katanga, Abdulwahid yana ta duba agogo.

"Yalla ya Ammi, Juma'a ta wuce. Ina ɗayan ɓarawon?"

"Yi haƙuri kaɗan. Ku dai ku dubi ƙofa."

Sai ga Hajja A'i ta ɓullo daga lungu, 'yar tsohuwa miƙaƙƙiya kamar tabarya, lulluɓe da baƙin mayafi, ƙafa ba takalmi. Ta tsaya a kan yashin da aka share. Ta zaro takalmi daga hamata, ta kakkaɓe ƙafar dama ta sa, ta kakkaɓe ta hagu ta sa, sannan ta yi sallama a hankali, sau ɗaya.

Usuman ya ɗago kai da sauri. Na'ibi ya tashi ya ɗaga kwano ɗaya a waje, ɗaya a ciki, ya bar mutane su gwada da idonsu. Duk wanda yake wurin ya ga Hajja tana yin haka sau ba adadi, ba wanda ya taɓa kawo shi a ransa.

"Hajja, sannu da zuwa," Na'ibi ya ce da ladabi. "Keken Zakiya ne ya ɓace jiya. An ce wannan bawan Allah ne ya ɗauka, yanzu za a kai shi markaz, daga can sai jirgi."

Ba wanda ya kai mata labari, don ba a son tayar wa tsohuwa hankali. Ta dubi Usuman, fuskarta ta sauya.

"La ilaha illallahu. A kan keken? Ku sake shi. Yana ƙarƙashin gadona."

"Ummi!" Abdulwahid ya miƙe. "Ke? Lesh, don me? Kin san abin kunyar da kika ja mini?"

Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, ba ta kuma ɗaga murya ba. "Kai yaro, zauna. Ni na haifi kunyar da kai. In na ce kada ka sayar, za ka ce tsohuwa ba ta san kasuwa ba, yadda ka ce wa yarinyar nan. Na ce in ɗauke shi har zazzaɓin sukarin ya sake ka. Ban san za ku kama marar gata ba." Ta juya wurin Usuman. "Ɗana, ka yafe mini. Na ji minsharinka da na shigo, na ce kada in tashe ka."

Usuman ya sunkuyar da kai. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Mazan da suka yi gadinsa suka fara neman hanyar ƙofa, kowa ya tuna yana da uzuri.

"Tayyib," Abdulwahid ya ce. "A je a ɗauko. Amma makina tawa ce, ni na saya, kuma Asabar tana nan."

"Zo ka ɗauka da hannunka," in ji Hajja.

*

Na'ibi ya bi su, domin ko an ɗaure shi ba zai iya zama bai ga ƙarshen abin ba. A bakin ƙofa Hajja ta tsaya ta tuɓe takalminta, ɗanta yana kallon gefe.

Ɗakin gwangwanin ya ɗau zafi kamar tanda. Abdulwahid ya durƙusa ya jawo keken daga ƙarƙashin gado. An naɗe shi da wani tsohon buhu, wanda ya sha faci har ba a gane asalin saƙarsa.

"Ka san buhun nan?" ta tambaye shi.

"Shimfiɗata ce ina yaro."

"Keken ubanka ne." Ta zauna a bakin gado. "Ubanka Bawa tela ne, ba ɗan dako ba, kai dai a ɗan dako ka san shi. Shekarar da alhazai suka ƙi zuwa, ya ɗauki kekensa ya kai haraj, ni ma na ce ya kai. Aka ba shi wannan cike da dawa. Muka yi murna, na yi tuwo har na aika wa maƙwabta. Dawa ta ƙare. Da Allah ya kawo sauƙi alhazai suka dawo, telolin da suka jure yunwa suka buɗe shaguna, shi kuwa ba shi da abin ɗinka ko hula. Ya tafi tasha ɗaukar kaya, irin aikin mutumin da ka so ka kora. A can ƙirjinsa ya lalace. Har ya rasu, in ya ji ƙarar keke a lungu sai ya canja hanya."

Abdulwahid ya dubi facin. Ya kama bakin buhun yana murzawa da yatsu, ya daɗe a haka. Na'ibi, wanda ya zo neman amsa ya kuma samu, ya ji kunyar tsayuwarsa a wurin, ya fita waje ya jira.

Can sai ga Abdulwahid ya fito da keken a ka, direba guda mai farar riga, buhun kuma a ninke a kafaɗarsa. Hamad yana jira a bakin hanya.

"Asabar ɗin dai, ya Abdulwahid?"

"Ba na sayarwa," ya ce, bai ko tsaya ba. "In ka ga Usuman ka ce ina nemansa. Zan yi wa maigidana maganar kafalarsa, ko ya tsaya masa."

Na'ibi ya bar shi ya yi nisa, sannan ya tsuguna, don hali ba ya barin mutum, ya dubi sawun da ya bari a yashi. Dunduniya ta nutse saboda nauyin kaya, taku gajere, ƙafar hagu kuma tana karkata waje, sak irin ta uwarsa.